Bilma, tsibiri a tsakiyar rairayi: wane aiki baƙo zai samu a can?



Ba makiyayin da bai san kantu ba. Shanu na lasa, raƙuma na lasa, tumaki na lasa. Mata kuma sun san beza, farin gishirin nan na miya. A wasu kasuwanni ma ba a cewa gishiri, sai a ce balma. Sunan gari ne ya bi kayan. Amma mutum nawa ne cikinku ya taɓa ganin garin da idonsa?

A ƴan shekarun nan samari suna yawan ambaton Bilma da Dirku da Jado. In damina ta yi gardama, sai a ji su a dandali suna cewa arewa akwai kuɗi. Wani ya sayar da akuyar uwarsa, wani ya jinginar da gona, don kuɗin mota. Kafin a kwance akuya a kai ta kasuwa, ya kamata a san inda za a. A san abin da ke can, da abin da babu.

Tsibiri ba ruwa kewaye

Waɗanda suka je su a tabkin Cadi sun san tsibiri. Ƙasa ce ƴar kaɗan, ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ba shiga, ba fita, sai da jirgi. To, haka Bilma take, sai dai ita rairayi ne ya kewaye ta. Tana cikin jihar Agadas, can gabas maso arewa. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, kuma ba kwalta. Abin da ke tsakani shi ake kira Tenere. Ba gari, ba inuwa, ba ciyawa, sai rijiya ɗaya nan, ɗaya can, da nisan kwanaki tsakaninsu.

A ƙarshen wannan rairayi akwai wani dogon dutse, ya miƙe daga arewa zuwa kudu kamar ganuwa, wajen kilomita 150. Shi ke tare iskar gabas, ya hana rairayi binne abin da ke gindinsa. A gindin nan ruwa yana kusa. Shi ya sa dabino ya tsiro, mutane suka kafa garuruwa a jere: Sigidin, Anai, Ashanuma, Dirku, har zuwa Bilma a kudu. Duka yankin sunansa Kawar. Bilma ce babban garin gunduma.

Irin wannan zama ba a hamada kaɗai yake ba. A cikin teku, yamma da ƙasar Senegal, akwai tsibiran Kap Ber. Nisansu da gaɓa ya yi kusan nisan Agadas da Bilma. Ɗaya daga cikinsu sunansa Sal, ma'anarsa gishiri, don gishiri ne ya fara tara mutane a wurin. Su ma ruwan sama bai ishe su ba. Yawancin cimakarsu jirgi ke kawo ta daga wata ƙasa, kuma ƴaƴansu da yawa sun fita neman aiki waje. Halin tsibiri ke nan ko'ina yake. Ayyuka kaɗan ne, kowa ya san kowa, abin da ke da daraja yana da mai shi tun kaka da kakanni, abin ci kuwa daga nesa yake zuwa da tsada.

Hanya

Hanyar Bilma tsohuwa ce. Fatake daga Barno suna bi ta Ngigmi da Agadem su faɗo Bilma, su wuce Fezan har Tarabulus. An bi da kaya ta nan, an bi da bayi. Ta nan Bature Kilafatan ya biyo a 1823, kafin ya isa Kano da Sakkwato a 1824. Sojan Faransa kuwa sun kafa bariki a Bilma a 1906.

Mai tasowa daga ƙasar Hausa yau ta Agadas zai bi. Daga nan hanya biyu ce. Raƙuma suna bi ta Fashi, wani ɗan dausayi mai gishiri da dabino, wajen kilomita 170 yamma da Bilma. (Sunan gari ne, ba fashin ɓarayi ba. Wasu na ce masa Agram.) Manyan motoci sun fi bi ta Dirku, daga nan a gangaro kudu kilomita 45 a shiga Bilma. In mota lafiya lau take, kwana biyu ko uku ne. In ta kafe a rairayi ko ta lalace, sai yadda Allah ya yi.

Da can akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya tak a bakin wata rijiya a cikin Tenere. Ayari ke auna hanya da shi. A 1973 wani direba ya banke shi da mota. A duk faɗin hamadar nan, itace ɗaya, shi ma bai tsira ba! An kwashe gungumen an kai gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Kada a ɗauki hanyar nan da wasa. A 2017 wata mota ta mutu tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 ƙishirwa ta kashe, har da mata da ƙananan yara. A watan Yuni na 2024 ƴan bindiga suka tare perefe na Bilma, wato shugaban gunduma, suka tafi da shi da masu rakiyarsa. In mai rakiyar soji bai tsira ba, ina ga talaka mai buhu ɗaya? Shi ya sa direbobin kirki ba sa tafiya su kaɗai. Suna jiran ayarin motoci. Direban da ya ce zai bi ta bayan gari don a yi sauri, a bar masa motarsa.

Garin kansa

Bilma ba babban gari ba ne. A ƙidayar 2012 mutanenta wajen 4,000 ne. Duk gundumar, da Dirku da Fashi da Jado, ba ta kai mutum 20,000 ba, alhali faɗinta ya fi na jihohin Maraɗi da Tawa a haɗe. Kasuwar mako ta wani babban ƙauye a kudu tana iya tara jama'ar da ta fi ta Bilma. Mai niyyar kai sana'a can ya riƙe wannan lissafi. Gari mai mutum 4,000 tela nawa zai ci da su? Wanzami nawa?

Mutanen gari Barebari ne da Tubawa. Akwai Abzinawa, akwai Hausawa, akwai ma'aikata daga ko'ina cikin Nijar. A kasuwa ana jin Hausa. A cikin gida kuwa Barbarci ne da Tubanci.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne ruwa. Bayan kwanaki cikin rairayi sai ga idon ruwa yana ɓuɓɓugowa, ga kore shar, ga inuwar dabino. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu magana, kuma a Kawar ba a yin nisa da tono. Amma na sama babu. Ruwan da ke sauka a Bilma shekara guda bai kai na yayyafi ɗaya mai kyau a Maraɗi ba. Wata shekara ko ɗigo. Saboda haka ba gonar hatsi, ba dawa, ba wake. Duk ƙwayar geron da aka daka a Bilma, raƙumi ko mota ne ya kawo ta.

Tsofaffin gidajen garin da ƙasa mai gishiri aka gina su. Tana da ƙarfi kamar dutse muddin rana ake yi. An ce gishiri na yi wa man kaɗanya dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Haka ta faru a watan Agusta na 2006. Ruwa mai yawa ya sauka a Bilma, gidaje suka narke suka zube, mutane da yawa suka kwana a fili. Tun daga nan mai hali yana son siminti, kuma magini na ƙwarai ba ya rasa mai kiransa.

Inda ruwa ke kwance, sauro na nan. Mutum ya ce ya je hamada ya huta da zazzaɓi, sai ya tarar da shi yana jiransa. Zafin bazara ya wuce na kudu. Sanyin ɗari kuma, da dare, yana kusan daskarar da ruwa a kwano. A tafi da gidan sauro, a tafi da bargo.

Kalala

Arzikin Bilma yana Kalala, ƴar tafiya kaɗan daga gari. Nan ramukan gishiri suke, ɗaruruwa, kowane da tulin ƙasa a gefensa. Ana haƙa rami har a tarar da ruwan ƙasa. Ruwan ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasar, ya zama ja ko rawaya ko baƙi-baƙi. Rana ta yi ta dukansa. Sai wani ɓawo fari ya taru a sama kamar kan nono. Ma'aikaci ya zo ya farfasa ɓawon, ya nutse ƙasa, wani ya sake taruwa. Haka za a yi ta yi kullum, safe da yamma. In ya taru, a shiga cikin ruwan a kwaso.

Mai kyan, fari tas, shi ne beza, na miya. Sauran a daka shi, a cuɗa da ƙasa mai gishiri da ruwa. A zuba cikin gungumen dabino da aka rarake, a kife, a bar shi ya bushe. Shi ne kantu, mai nauyin kilo 20 ko fiye. Mata kuma suna zuba nasu a kwano, ya fito ɗan fai-fai, wajen kilo 2. Shi ake kira foshi.

Aiki ne mai cin jiki. Ruwan gishiri yana tsattsage ƙafa da hannu. Ƙaramin rauni in ya shiga ramin, sai ya daɗe bai warke ba. Hasken farin gishiri da tsakar rana yana kashe ido. Wanda ya saba da noman huɗa zai iya, amma zai san ya yi aiki.

To, ga magana ta fari. Ramukan nan suna da masu su. Gado ne, na gida-gida, kamar yadda gona take a kudu. Baƙo ba zai sauka yau ya ɗauki magirbi ya ce zai haƙa nasa gobe ba. Abin da zai samu shi ne ƙodago a ramin wani. A biya shi da kuɗi ko da gishiri, gwargwadon yadda suka shirya. A yi wannan shiri gaban shaidu tun ba a shiga ruwa ba. In da gishiri za a biya, mutum ya tambayi kansa: wa zai ɗaukar masa shi zuwa Agadas, kuma nawa? A bakin rami kantu ba shi da tsada. Hanya ce ke sa masa kuɗi.

Magana ta biyu ta fi ta farin nauyi, kuma ita ce samari ba sa lissafawa. Rana ce ke dafa gishiri. Saboda haka babban aikin Kalala na watannin zafi ne, daga wajen Afirilu har zuwa Satumba ko Oktoba. Ku duba da kyau. Waɗannan su ne watannin sharar gona, da shuka, da noma, da girbi a ƙasar Hausa. Ɗan cin rani yana barin gida bayan an ɗaure hatsi, ya komo kafin ruwan shuka. In ya nufi Bilma a kan wannan tsari, zai isa lokacin da sanyi ya shigo, ramuka sun yi sanyi, aiki ya ja baya. Abin da ya rage sai ɗan zubin kantu da ɗaurin kaya da lodin mota, kuma ƴan gari ma suna so. Lokacin da aiki zai buɗe sosai, shi kuma hankalinsa ya koma gida, hadari ya fara haɗuwa a kudu.

Wato Bilma ba wurin cin rani ba ne irin Kano ko Legas ko Abijan. Mai son cin kuɗin gishiri sai ya sayar da daminarsa guda. Sai ya bar gona a hannun tsoho da mata da yara. In gida mai maza da yawa ne, ɗaya ya tafi, saura su noma, ba laifi. In kuwa shi kaɗai ne ƙarfin gidan, to ya auna: kuɗin da zai komo da shi zai sayi damman da gonar za ta rasa? Kuma kada ya manta, duk watannin nan shi ma hatsi zai ci, a kan kuɗin Bilma, ba kuɗin kasuwar ƙauyensu ba.

Dabino ma haka. Yana nuna a ƙarshen zafi, wajen Agusta da Satumba, daidai lokacin da gero ke fitar da kai a kudu. Itatuwan na Barebari ne da Tubawa, kowane da mai shi, wani itacen ma mutum biyu ko uku ke da rabo a ciki. Lokacin kaka masu dabino da ke kiwo a nesa duk suna komowa. Matan Tubawa daga kudu, wajen Termit, su kan ɗaura wa raƙuma kaya su ratsa rairayi da ƴaƴansu, ba namiji ko ɗaya, su zo kakar dabino. Hannuwa suna yawa a lokacin. Baƙon da ya iya hawa zai samu na abinci, ba na aure ba.

Inda manomi zai fi nuna gwanintarsa shi ne garka. A ƙarƙashin dabino ana ban ruwa, ana shuka tumatir da albasa da ɗan ganye, da wata ciyawa ta awaki. Wannan aikin ɗari ne, ya dace da ɗan cin rani. Mutumin Galmi ko Mirya ko Madarunfa da ya tashi cikin lambu ya san abin da mai garka ke so. Sai dai filin kaɗan ne, ƙasar da gishiri, kuma ita ma da mai ita. Aro ne ko rabo, ba mallaka ba.

Makiyayi fa?

Mai shanu ba shi da abin yi a Kawar. Ba makiyaya. Ƴan awakin da ke gari a gida ake ciyar da su. Nama yana da tsada don dabbar yanka daga nesa take zuwa.

Mai raƙuma ne ke da rabo, shi ma ba na zama ba, na tafiya. Bayan damina, wajen Oktoba, in raƙuma sun ƙoshi, Abzinawa suna haɗa ayari. Kel Ewe suna tasowa daga duwatsun Abzin, wajen Timiya da Tabelot. Kel Geres suna tasowa daga kudu, wajen Madawa. Suna ɗauko hatsi da cuku da busasshen nama da kayan garka. Suna ɗauko damman ciyawa, don ba abin da raƙumi zai ci a Tenere. A kan hanya su kan ajiye wasu damman a rairayi, su tarar da su a komowa. Madugu na gaba, yana duba rana da taurari da kwancin rairayi. Ana tashi da asuba, ba a sauka sai dare ya raba. Ba a tsayawa cin abinci. Ana dama gero da cuku da dabino a sha ana tafiya. Har shayi a tafe ake dafa shi.

A Bilma ayari ba ya daɗewa, don ciyawa na ƙarewa. Ƴan kwanaki ne, a yi ciniki, a naɗe kantu da tabarma, a ɗora wa kowane amale huɗu ko shida, a ƙara foshi da dabino, a juya. Zuwa da komowa ya fi wata guda. Bayan an huta a Abzin sai a gangaro Damargu da Damagaram da Tasawa da Maraɗi, wasu har Kano. A sayar da gishiri, a sayi hatsi na gida da na ayarin baɗi. Raƙuma su ci kara a gonaki, su bar taki.

A zamanin da Faransawa suka iso, an ƙidaya ayari mai raƙuma wajen 20,000. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe raƙuma ba iyaka. Manyan motoci kuma sun karɓe kaso mai yawa na jigila. Duk da haka ayari bai mutu ba. Raƙumi ba ya shan mai, ba ya neman taya. Amma ba sana'ar da mutum zai faɗa mata da rana tsaka ba ce. Yaro ke fara bin ubansa ko kawunsa, ya yi shekaru yana koyo. Wanda ba a cikinta ya tashi ba, sai ya nemi madugun da zai yarda da shi.

A lura da abu ɗaya a cinikin ayari. Wanda ya zo da hatsi shi ake yi wa maraba. Mudun gero ya fi mudun dabino daraja a Kawar. Manomin da Allah ya ba rarar hatsi, in ya haɗa kai da ƴan'uwansa suka yi lodi, ya fi wanda ya je da hannu biyu kawai ƙarfin magana.

Dirku

Mai neman kasuwa ba Bilma zai zauna ba, Dirku zai zauna. Bilma ke da perefe, Dirku ke da hayaniya. Nan barikin soja yake, da filin jirgin sama. Nan motocin Agadas da na Libiya ke haɗuwa. Unguwar baƙi sunanta Sabon Gari, kuma Hausa ake yi a cikinta. Kayan Libiya na shigowa: taliya, fulawa, man girki, man fetur. Daga kudu hatsi da bisashe da goro.

A nan mai sana'a ke da daraja. Motar da ta ratso Tenere ba ta isowa lafiya. Bakanike, da mai walda, da mai facin taya, ba sa zama banza in hanya na tafiya. Haka mai burodi, da mahauci, da mai shayi, da mai tuwo. Wanda zai je, ya je da kayan aikinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle a garin da ba inda za a sayi wani gatarin.

Sai dai kasuwar Dirku kasuwar hanya ce. In hanya ta buɗe, kuɗi kamar ƙasa. In ta rufe, sai ƙuda. A 2015 gwamnati ta kafa dokar hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya. Da aka fara aiki da ita a 2016, an kama direbobi, an tsare motoci, masu shago da masu abinci da yawa suka rasa ciniki. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar. Faɗan Libiya ma tun 2011 yana buɗe hanyar yana rufe ta. Duk wannan ba a Dirku ake yanke shi ba, amma mai shayin Dirku ne ke fara ji a tukunyarsa.

Wanda ba shi da sana'a, shi ne abin tausayi. Dirku ba ta rasa matafiya da guzuri ya ƙare musu, ba gaba ba baya. Suna bugun tubali, suna haƙar kanwa, suna dako, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, don dai su tara kuɗin mota. Ɗan ƙodago daga kudu da su zai yi takara. Mai aiki kuwa ya san in wannan ya ƙi, goma na bayansa.

Zancen zinariya

Shi ne ya fi ruɗa samari. A watan Afirilu na 2014 aka ga zinariya a Jado, can arewa da Kawar. Cikin ƴan makwanni mutane dubbai suka cika wurin, daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya. Wasu sun samu, ba ƙarya. An ga waɗanda suka komo da mota. Su ake ba da labarinsu a dandali. Waɗanda suka komo da bashi ba sa zama a dandali, balle waɗanda ba su komo ba.

Neman zinariya a can sai da mota, da injin nan mai kuka in ya ji ƙarfe a ƙasa, da ruwan saye, don wurin ba rijiya kusa. Duk na mai jari ne. Yaro yana haƙa, in an samu a fara cire kuɗin mota da na inji da na ruwa da na abinci, sannan a raba saura. In ba a samu ba, ya ci bashi. Ɓarayi kuma sun san motar da ta fito daga can. A 2017 gwamnati ta ba da umarnin rufe wurin, aka kwashe mutane. Waɗanda suka fi cin riba a shekarun nan, in an duba, masu sayar da ruwa ne da abinci da mai.

Akwai kuma wanda ba shi ya zaɓi Bilma ba, takarda ce ta kai shi: malamin lakwal, ma'aikacin likita, jandarma, mai duba yanayin sama. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, in an ce an tura ma'aikaci Bilma, kowa ya san horo ne. Har ƴan siyasa an tsare a can. Wannan suna ya bi garin, kuma bai kamata ba, don yaran Kawar su ma ƴan ƙasa ne, suna son malami da likita kamar na Yamai. Ma'aikaci yana da albashi, ya fi ɗan ƙodago kwanciyar rai. Amma albashin da ke isa a Tasawa ba ya isa a Bilma. Zuwa ganin iyali sai an shirya kamar za a hajji. Malamin da ya koyi gaisuwa da ƙirga da Barbarci ko Tubanci tun watan farko, iyayen yara su ke aiko masa da dabino.

Ko wane iri ne mutum, kada ya sauka Kawar ba mai masauki. Tun zamanin da, kowane madugu yana da gidan da yake sauka, uba ya bar wa ɗa. Mai masauki ke nema wa baƙo aiki, shi ke tsaya masa in an yi rigima. A ƙaramin gari labarin mutum yana riga shi zuwa, mai kyau da maras kyau. Wanda ya ci amana a Dirku da safe, kafin dare Bilma ta ji. A tafi da katin ɗan ƙasa, don akwai shingen soja a hanya. Kuɗin komowa kuma a ƙulle shi dabam, a ba mai masauki ajiya, kada a taɓa shi ko don ciwo ko don biki.

Nan da ƴan watanni ayarin Abzinawa zai sauko gonakinku cin kara, da masu motocin gishiri a kasuwannin Tanut da Dakwaro da Tasawa. Su ne suka baro Kalala kwanan nan. Sun san kuɗin kantu na bana a bakin rami, sun san kuɗin mudun gero a Bilma, sun san ko hanya na da lafiya, da gidan da ke neman hannu. Saurayin da ke da niyya ya sa a dama fura mai kyau, ya kai wa madugu da yamma, ya zauna ya yi tambaya. Ya tafi da ubansa, su ji tare.